Shamuwa ta dawo, amma ana so a sare tsamiyar gidanmu

Ɗan Tsamiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, a yi mini haƙuri don zancen yana da ɗan tsawo. Jiya da hantsi Inna ta kira ni daga gida. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Sun iso." Ban tambaye ta su wa ba, don na sani. Shamuwa take nufi. Akwai wata tsohuwar tsamiya a ƙofar gidanmu wadda kakanmu ma ya ce a haka ya taso ya gan ta, kuma duk ƙarshen bazara shamuwa kan sauka a kanta ta gyara sheƙa. Lokacin muna yara mukan ƙirga sheƙa sama da ashirin. Bana Inna ta ce huɗu ta gani.

Ga inda matsalar take. Yayanmu, wanda shi ne babba tun rasuwar Baba, yana so ya sare bishiyar ya gina shaguna biyu a wurin. Ya ce kashin tsuntsayen yana ɓata dakali, wari yana hana baƙi zama a zaure, kuma masu gawayi sun riga sun yi tayi. Ni raina bai kwanta ba, amma ƙani ne ni, kuma ba a garin nake zaune ba. Me zan ce masa da zai saurara?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka tuna mini da gida. Mu a wajen Ɗanbatta, ranar da aka fara ganin shamuwa yara sai sun bi gari da ihu, tsofaffi kuma su fara fito da irin da aka ajiye a rumbu. Kakata takan ce gidan da shamuwa ta zaɓa gidan zaman lafiya ne. Don Allah kada a sare.

Alhajin Kasuwa:
Ni kam zan faɗi abin da ba a son ji. Yayanka yana da gaskiya. Shi ne yake kwana yana tashi da warin, shi yake ciyar da gidan, kai kana birni kana tuna yarinta. Shago biyu kuɗin haya ne duk wata. Tsuntsu kuwa idan an sare wannan sai ya nemi wata, bishiya ba ta ƙare a daji ba.

Ɗan Tsamiya:
Alhaji, ban ƙi ta taka ba, kuma ba na raina ɗawainiyar Yaya. Amma maganar "bishiya ba ta ƙare ba" ita ce ban yarda da ita ba. A unguwarmu da akwai kuka uku da rimi ɗaya da tsamiya biyar. Yanzu tamu ce kaɗai ta rage, sai dogon yaro da aka daddasa.

Malamin Kimiyya:
Bari in ɗan sa baki, don wannan fanni ne da nake koyarwa kuma nake ƙauna. Shamuwa ba tsuntsuwar daji ba ce a lokacin ƙwai. Da gangan take zuwa cikin gari ta yi sheƙa kusa da mutane, a kan manyan bishiyoyi, wani lokaci har kan rumbu ko kan ɗaki, kuma ba ta son zama ita kaɗai, a taro suke yi. Shi ya sa take neman bishiya mai manyan rassa da za ta ɗauki sheƙa da yawa. Tana komawa wurin da aka saba shekara bayan shekara, ta ƙara itace a kan tsohuwar sheƙar.

Sannan mu san irin tafiyar da ta yi kafin ta sauka a wannan tsamiya. Idan damina ta ƙare a nan, wajen Satumba zuwa Oktoba, shamuwa takan taru ta bi ruwa zuwa kudu. Tana tsallake tsakiyar Afirka ta yi watannin Nuwamba zuwa Maris a ƙasashe irin su Tanzaniya, Zambiya, Zimbabuwe, Botsuwana har Afirka ta Kudu, domin lokacin da muke hunturu su a lokacin suke damina. Wasu masu bincike daga Denmak sun taɓa ɗaura wa shamuwa na'urar bin sawu a Nijar, suka ga ta bi ta gabashin Afirka ta gangara kudu. Wato damina biyu take ci a shekara, tamu da tasu. Nauyinta bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, ita ce ƙarama a duk danginta, amma ta yi dubban kilomita ta dawo bishiya guda a ƙofar gidan Inna.

Maman Ummi:
Ikon Allah! Mu da aka ce mana Makka take tafiya idan ta ɓace.

Malamin Kimiyya:
Hajiya, ba mu kaɗai ba ne muka yi ta hasashe. Turawa sun daɗe suna cewa tsattsewa a cikin taɓon ƙasan tafki take kwanciya har sanyi ya wuce. Sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa, 'yar uwar tamu mai ƙwai a Turai, a kusa da garin Kuluts a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta taso tun daga nan nahiyar. Har yau gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostok. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a Denmak ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, daga nan aka fara sanin hanyoyinsu dalla-dalla.

Abu Sumayya:
Ina da gyara kafin zancen ya yi nisa. Mu yi hattara da cewa shamuwa ce take kawo ruwa, ko gidan da ta sauka ya tsira daga sharri, ko wanda ya kashe ta zai haukace. Wannan camfi ne. A Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi a kan masu cewa tauraro kaza ne ya ba su ruwa. Idan an hana jingina ruwa ga tauraro, ina ga tsuntsu?

Baba Manomi:
Malam Abu Sumayya, Allah ya saka da alheri, amma ka ba mu namu haƙƙin. Shekarata saba'in da wani abu, ban taɓa jin manomi mai hankali ya ce shamuwa ke saukar da ruwa ba. Alama muke cewa. Kamar yadda idan gawo ya fara zubar da ganye ka san damina ta matso, idan iska ta juyo daga kudu da danshi ka san hadari na hanya. Allah ne ya sa mata sanin lokacinta, mu kuma muka karanta. Wanda ya ga hadari ya kwashe shanya ai bai yi shirka ba.

Kuma ku yara ku ji da kyau. Zuwan shamuwa ba shi ne a fita shuka ba. Shi ne a gama sharar gona, a kai taki, a gyara garma da sungumi, a duba iri. Tana riga ruwa da makonni. Na ga waɗanda suka yi gaggawa da ruwan farko, rana ta buɗe kwana ashirin, gero ya ƙone a rami, aka koma sayen iri da tsada.

Abu Sumayya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Idan alama ce ba mu da saɓani ko kaɗan. Hasali ma ni ina cikin masu cewa kada a sare yanzu, amma da hujjar da ta inganta. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ɗan Tsamiya, wannan za ka kai wa Yayanka. Sare bishiya da ƙwai a kanta ba aikin mai tausayi ba ne. Ya kuma karanta aya ta 19 a Suratul Mulk, inda Allah ya ce mu dubi tsuntsaye a samanmu suna buɗe fukafukai suna rufewa, ba mai riƙe su sai Mai rahama.

Ɗan Zango:
Salamu alaikum. Ni ɗan Kumasi ne, amma shekara tara ke nan ina aiki a wata gonar shanun madara a kusa da Baresha, arewacin Italiya. Abin da ya sa na shigo, daidai lokacin da kuke maganar shamuwa mu a nan tsattsewa ce ta dawo. Tun ƙarshen Maris suka fara isowa, yanzu akwai sheƙa goma sha ɗaya a jikin katakon rufin garken da nake aiki, wasu har sun kwanta a kan ƙwai. Da taɓo da ciyawa suke ginawa, kamar rabin ƙwarya manne da bango. Mai gonar dattijo ne, shi ma kamar Innar Ɗan Tsamiya yake: ranar da ya ga ta farko sai ya rubuta a kalandar kicin, kuma ya hana a rufe tagar sama har sai sun tafi a Satumba. Suna da karin magana cewa ranar 21 ga Maris tsattsewa tana ƙarƙashin rufi. Dokar ƙasar ma ta hana rushe sheƙarta.

Ranar da ya ce mini, "Waɗannan daga ƙasarku suke zuwa," na ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske yake. Tun daga ranar idan ina wanke garke da asuba sai in riƙa kallonsu, in ce waɗannan sun ga gida bayan ni.

Maman Ummi:
Allah sarki, Ɗan Zango. Allah ya kai ka gida lafiya. Amma Malam, wai ita ce tsattsewar da ke sheƙa a zaurenmu?

Malamin Kimiyya:
A'a Hajiya, sunan ne ɗaya. Wadda take sheƙa a zaure da cikin masallaci da ƙarƙashin gada a ƙasar Hausa 'yar gida ce, a nan take ƙwai. Ta Ɗan Zango baƙuwa ce. Za ki gane ta da jan maƙogwaro da jan goshi da doguwar wutsiya mai baki biyu kamar almakashi. Ba ta ƙwai a wurinmu. Tana ratsa mu wajen Satumba da Oktoba idan za ta kudu, sai kuma Maris da Afrilu idan za ta koma. Idan kin ga sun jeru a kan wayar lantarki ɗari-ɗari da yamma a irin waɗannan watanni, yawanci matafiyan ne. Nauyin ɗaya kamar giram 20 ne, amma tana tsallake Sahara da tekun Bahar Rum sau biyu a shekara. A watan Disamba na 1912 aka kama wata a yankin Natal na Afirka ta Kudu da zoben da aka sa mata a Ingila a shekarar da ta gabata.

Kuma dattijon Ɗan Zango bai yi kuskure ba. A Boje, cikin jihar Kuros Riba, akwai wani tudu mai dogayen ciyayi inda tsattsewar Turai ke taruwa su kwana, adadinsu yakan kai miliyoyi, yana cikin manyan makwantansu a Afirka. An sha kama masu zoben Italiya da wasu ƙasashen Turai a can, kuma 'yan Italiya sun yi shekaru suna zuwa sa zobe a wurin. To ku duba yadda abin yake: a wata guda, tsattsewa na barinmu zuwa arewa, shamuwa na iso mana daga kudu. Kowacce tana bin inda ƙwari za su yawaita, don da su za ta ciyar da 'ya'yanta.

Ɗan Fadama:
Ku yi ta yabon tsuntsaye, ku da ba ku noma shinkafa. Ni a wajen Hadeja nake. Bara jan-baki suka sauko mana shinkafa na cikin nono, muka kwashe yara daga makaranta suna kaɗa gwangwani tun asuba har magariba, duk da haka kusan rabin gonata suka sha. Tsuntsun da kuke wa kirari shi ne ya sa na ci bashi. Ni da za a kawo jirgin feshi duk wata da na fi kowa murna.

Baba Manomi:
Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri, na san zafin wannan. Amma kada ka haɗa ɓarawo da mai gadi. Jan-baki hatsi yake ci. Shamuwa ko ƙwayar gero ɗaya ba ta taɓawa. Fara take ci, da tsutsa, da gwazarma, da ƙananan kwaɗi. Ka taɓa ganin yadda take bin bayan mai huɗa, ko yadda suke taruwa a gonar da tsutsa ta faɗa wa? Shekarun da fara ta dame mu, na ga shamuwa da belbela sun yini a gonata suna tsinta. Ba su kori farar duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ban biya su ko kwabo ba.

Ɗan Fadama:
Baba, na ji. Shamuwa ba ta taɓa yi mini ɓarna ba, gaskiya ne. Haushi ne ya sa na haɗa su.

Malamin Kimiyya:
Haushinka yana kan hanya, kuma ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye. Abin da ya ƙara wa jan-baki ƙarfi a yankinku shi ne kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da take cika fadamun Hadeja da Nguru kowace shekara ta canja. Da, ruwa ya zo ya cika sannan ya janye ƙasa ta bushe. Yanzu a wurare da yawa ruwa yana kwance duk shekara, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta kuma zama makwancin jan-baki. Wannan fadamar kuwa ita ce masaukin agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai da Asiya. Saboda su aka sa tafkin Nguru a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, kuma saboda su Yarima Filib na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989. Abin da ya lalata wa baƙin tsuntsaye masauki shi ne ya lalata maka gona.

Game da feshi, maganin da ake zuba wa jan-baki daga jirgi ba ya tambayar sunan tsuntsu. Shaho ko shirwar da ta ci gawar su ma suna mutuwa. Ban ce a bar manomi da hasara ba, amma share kacala ya fi feshi daɗewa yana amfani.

Ɗan Fadama:
Wannan kam ba ƙarya. Inda aka share kacala a gefenmu bana sun ragu sosai.

Hajiya Mai Kaji:
Ni tambayata daban ce. Ina kiwon kaji, kuma ana cewa tsuntsayen ƙaura ne ke kawo murar tsuntsaye. Ban manta 2006 ba, lokacin da cutar ta fara ɓulla a jihar Kaduna aka yi ta kashe kaji. Idan akwai kaji a gidan su Ɗan Tsamiya fa?

Malamin Kimiyya:
Tambaya mai kyau. Tsuntsayen ruwa irin su agwagi da dinya su ne aka fi sani da ɗaukar wannan cuta, kuma idan ta shigo ƙasa, cinikin kaji da kwandunan ƙwai da motocin da ke yawo daga gona zuwa gona su ke yaɗa ta da sauri. Abin yi shi ne kada a ajiye abinci da ruwan kaji a ƙarƙashin bishiyar, a riƙa share kashin, kuma yara kada su taɓa mataccen tsuntsu. Wannan ya wadatar wa gida irin nasu.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida kowa. Ni daga Nijar nake, kuma ina so in amsa wa Alhajin Kasuwa. Mu mun ga ƙarshen "bishiya ba ta ƙarewa". Bayan farin 1973 da na 1984, ƙasarmu ta zama fili fetal, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mata suna yini neman itacen girki. Abin da ya dawo da mu shi ne manoma suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara suna gyara shi yana girma a cikin gona. Wani ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, ya yi aiki da manoman Maraɗi a kan haka tun shekarun 1980, kuma an ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. To amma ga abin da nake so ka lura da shi, Alhaji. Gawon da aka bari shekara talatin da suka wuce sai yanzu ya kai girman da babban tsuntsu zai yi sheƙa a kai. Shago wata biyu ake ginawa. Tsamiyar da kakan Ɗan Tsamiya ya tarar, babu wanda ke cikin wannan zaure da zai ga irinta idan an dasa yau.

Alhajin Kasuwa:
Malam, na ji, kuma ban ce bishiya ba ta da amfani ba. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: wa zai biya Yayan hayar da zai rasa? Kowa yana ba da shawara da aljihun wani. Ɗan Tsamiya, idan da gaske kake, ka sa hannu a aljihu. In ba haka ba ka bar mai gida ya yi abin da ya ga ya dace.

Ɗan Tsamiya:
Maganarka ta yi mini zafi, Alhaji, amma gaskiya ce. Ina ta tunanin abin da zan faɗa masa, ban yi tunanin abin da zan ba shi ba.

Maman Ummi:
Kuma kada a manta da Inna a lissafin. Tsamiyar da take tsinka duk shekara ta kunun azumi da wadda take sayarwa fa? Inuwar da take zama ta yi kaɗi ko ta tsinci wake fa? Maza sukan ƙirga shago su manta da waɗannan. Ka tambaye ta ita me take so, don gidan mijinta ne.

Baba Manomi:
Kashin da ake ƙorafi a kai ma taki ne. A tara shi a kai bayan gida a zuba wa kuɓewa da yakuwa, a gani. Mu da muna yara aikinmu ne share shi kowace safiya, ba wanda ya ce mana wahala ce.

Ɗan Zango:
A nan ma akwai masu jin haushin kashin tsattsewa. Abin da suke yi, sai su kafa ɗan katako a ƙasan sheƙar ya tare, idan sun tafi a kankare. Amma a gonakin da aka rushe tsohon garke aka gina na zamani mai rufaffen bango, tsattsewa ta daina zuwa. Dattijon namu ya ce lokacin mahaifinsa sheƙar ta ninka ta yanzu sau uku. Da na karanta huɗu maimakon ashirin a saƙon farko, sai na ji kamar shi ne yake magana.

Malamin Kimiyya:
Kuma abin da ke faruwa a nan yana bayyana a can. A bazarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani ko'ina ya ragu ƙwarai, mafi yawansu ba su dawo ba. Da aka bi sawu sai aka gano farin da ya fara a yankinmu na Sahel a 1968 ne ya kashe su, don a nan suke yin rani. Yunwar da ta kashe mana shanu ita ce ta hana su jin kukan tsuntsu a gonakinsu.

Wani roƙo kuma. Duk wanda ya tsinci tsuntsu da zobe ko da wata 'yar na'ura a baya, kada ya tsorata ya ce asiri ne ko leƙen asiri. A 2013 an tsare wata farar shamuwa a ofishin 'yan sanda a Masar saboda irin wannan zargi, ashe na'urar masu bincike ce. A ɗauki hoton lambar a aika wa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, aikinsu ke nan. Kuma a yi wa yara masu danƙo magana.

Abu Sumayya:
Musamman maganar danƙo. Wanda ya kashe tsuntsu don wasa kawai, ba don ci ba, za a tambaye shi.

Ɗan Tsamiya:
'Yan uwa, na dawo da labari. Bayan isha'i na kira Yaya, muka yi kusan awa ɗaya. Na fara da hadisin da Malam Abu Sumayya ya kawo, ya yi shiru, sannan ya ce shi ma bai yi niyyar sarewa da ƙwai a kai ba, masu gawayin ne ke matsa masa. Ya yarda ba za a taɓa ta ba har sai 'ya'yan sun tashi, wato bayan kaka. Na bi shawarar Alhaji na ce idan zai mayar da shagunan gefen gabas, inda tsohon turken awaki yake, ni zan sayi bulo da siminti na ɗaya. Ya ce gefen gabas ba ya kallon hanya, ciniki ba zai kai ba. Nan muka tsaya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Reshen da ya rufo kan zaure dai mun amince a datse shi da rani.

Inna kuwa da na tambaye ta, cewa ta yi ita ba za ta shiga tsakanin 'ya'yanta ba, amma a ƙarƙashin bishiyar nan aka ɗaura aurenta, a nan aka yi wa Baba salla.

Alhajin Kasuwa:
To yanzu ka yi magana irin ta manya. Ka ce masa ya buɗe ƙofar shagon ta kudu, zai kalli hanyar masallaci. Idan ka tashi sayen siminti ka yi mini magana ta akwatin sirri, zan nuna maka inda za ka samu da sauƙi.

Baba Manomi:
Idan ka je gida da sallah ka tafi da wani dattijo cikin abokan mahaifinku, irin wannan magana ba a gama ta a waya. Kuma ka ce wa Innarku ta sake ƙirgawa nan da kwana goma, ba rana ɗaya suke isowa duka ba.

Ɗan Tsamiya:
In sha Allahu, Baba. Ɗazu da safe ma ta aiko ƙanwata ta faɗa mini an fara ta biyar, a reshen da ke kallon rijiya.